Suna Linzami: Yadda Ake Neman Adireshi a Intanet da Rabon Hausa a Cikinsa

Gabatarwa

Hausawa sun ce suna linzami ne, wato da shi ake juyo da mutum duk inda ya sa gaba. Baƙon da ya sauka a tashar motar Gwandu yana neman wani gida a Ceberu ba taswira yake riƙe da ita ba, abin da ke bakinsa suna ne kawai. Zai tambayi 'yan kamasho su nuna masa motar da ke bin wannan hanya, idan ya isa ya nemi ƙofar hakimi, hakimi ya haɗa shi da mai unguwa, mai unguwa kuma ya sa yaro ya raka shi har zaure. A cikin waɗannan mutane babu wanda ya san gidan kowa a ƙasar Gwandu, amma kowannensu ya san wanda za a tambaya a gaba, kuma da haka ne matambayi ba ya ɓata.

Wannan maƙala za ta nuna cewa a kan irin wannan tsari na tambaya aka gina hanyar da wayar hannu da kwamfuta ke bi su gano inda shafi yake a intanet, tsarin da Turawa ke taƙaita sunansa da haruffa uku, DNS. Ra'ayin da maƙalar ke ɗauke da shi kuwa shi ne, wannan al'amari ba na injiniyoyi ba ne su kaɗai. Tun da yake magana ce ta suna da rubutunsa da wanda ke da ikon raɗa shi, to sassan nazarin Hausa na jami'o'i suna da haƙƙi a cikinsa, kuma sakacin da ake yi da wannan haƙƙi yana jawo wa harshen asarar da ba a cika lura da ita ba.

Suna Daban, Adireshi Daban

Kowace na'ura da ke magana da wata a intanet tana da lambar da ake gane ta da ita. A tsohon tsari lambar kashi huɗu ce da ɗigo a tsakaninsu, kowane kashi daga 0 zuwa 255, alal misali 8.8.8.8, wadda ɗaya ce daga cikin lambobin kamfanin Google. Wannan tsari yana iya samar da lambobi kimanin biliyan 4.3, kuma babban rumbun da ake rabo daga cikinsa ya ƙare a watan Fabrairu na 2011, abin da ya sa ake ta komawa ga sabon tsari mai dogayen lambobi haɗe da haruffa. Hukumar da ke raba lambobin a nahiyar Afirka ita ce AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Moris. Na'ura lamba take ganewa, ɗan Adam kuwa suna yake riƙewa, saboda haka tilas a sami mai fassara a tsakani.

A farkon al'amari, zamanin da ake kiran wannan hanyar sadarwa ARPANET a shekarun 1970, littafi ɗaya ne tak ke ɗauke da sunayen na'urori da lambobinsu. Wata cibiyar bincike a Kalifoniya ta Amurka ce ke riƙe da shi, a ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Feinler, kuma duk mai sabuwar na'ura sai ya sanar da cibiyar a shigar da shi, kowa kuma ya riƙa kwafar sabon bugu lokaci lokaci. Da na'urori suka yi yawa sai littafin ya gagari mai riƙonsa: kafin a gama kwafa ya tsufa, kuma mutum biyu kan nemi suna ɗaya. A shekarar 1983 Paul Mockapetris na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fito da tsarin da ake amfani da shi har yau, aka sake tace ƙa'idojinsa a 1987. Hikimar tsarin ita ce rarraba iko, ta yadda kowane yanki zai riƙe littafin mutanensa, na sama kuma ya san na ƙasa da shi kawai.

Amfanin raba suna da adireshi ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san tarihin wannan ƙasa. Garin Gwandu shi ne mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, daga nan aka mulki yammacin daular Usmaniyya. Daga baya fadar ta koma Ambursa, sannan ta koma Birnin Kebbi a farkon mulkin Turawa, amma har yau Sarkin Gwandu ake cewa. Mai ɗauke da wasiƙa zuwa ga Sarkin Gwandu sunan yake riƙewa, ya tambayi inda fada take a wannan zamani. Haka shafin intanet yake iya ƙaura daga wata na'ura a Landan zuwa wata a Legas, lambarsa ta canza, amma mai ziyara ba zai ko sani ba muddin an gyara littafi.

Tafiyar Ɗan Aike

A ɗauka wata ɗaliba ce daga Ceberu take son duba sunanta a jerin waɗanda aka ɗauka a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, kuma take da mazauni a yankin Kalgo. Ta rubuta fubk.edu.ng a wayarta. Abu na farko da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, daga dama ake warware wannan suna zuwa hagu, kamar yadda ake karanta ajami. Gaɓar ƙarshe, ng, ita ce ƙasa, wato Nijeriya; edu rukunin manyan makarantu ne a cikin ƙasar; fubk kuwa shi ne gidan da ake nema. A bayan ng akwai wani ɗigo da ba a rubutawa, shi ake kira tushe, daga gare shi kowane suna a duniya ya yi reshe.

Wayar za ta fara duba ajiyarta, ko ta taɓa neman wannan suna kwanan nan. Idan ba ta samu ba, sai ta miƙa tambayar ga wata na'ura da za a iya kira ɗan aike, wadda galibi ta kamfanin layin ce, kamar MTN ko Airtel ko Glo, ko da yake mutum na iya zaɓar ta wani kamfani, kamar 8.8.8.8 da Google ya buɗe a 2009, ko 1.1.1.1 da Cloudflare ya buɗe a 2018. Ɗan aike shi ke yin zirga-zirgar. Zai fara da rumbun tushe ya ce, ina fubk.edu.ng? Rumbun tushe bai san wannan jami'a ba, amsarsa ita ce: ga adireshin masu riƙe da littafin ng, je ka can. Masu littafin ng su ma ba lambar shafin za su ba shi ba, sai dai su nuna masa rumbun da jami'ar ta ɗora wa amanar sunanta. Wannan rumbu na ƙarshe shi ne mai unguwa, shi ke da tabbatacciyar amsa. Daga nan ɗan aike ya koma wa waya da lambar, ita kuma ta buga wa na'urar da shafin yake kai tsaye. Duk wannan kai da komo yakan ƙare kafin ƙiftawar ido.

Rumbunan tushe sunaye 13 ne, daga A zuwa M, a hannun hukumomi 12, cikinsu har da kamfanin Verisign, da Jami'ar Maryland, da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da wata cibiya a Suwidin, da wata a Holan, da wata a Japan. An tsaya a 13 ne saboda ƙanƙantar saƙon da aka ƙayyade a farko, wanda ba ya iya ɗaukar fiye da haka. Amma kada a zaci na'urori 13 ne kawai, domin kowane suna yana da kwafi masu yawa, jimillarsu ta haura dubu a sassan duniya, har da Legas, kuma ɗan aike mafi kusa da shi yake tambaya. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998, ita ke kula da jerin abin da ke cikin tushe, kuma sa idon da gwamnatin Amurka take yi wa wannan aiki ya ƙare a ranar 1 ga Oktoba, 2016.

Akwai wasu dabaru biyu da suka cancanci ambato. Ta farko ita ce ajiyar wucin gadi: kowace amsa tana zuwa da wa'adi, wanda mai sunan ke yankewa, kuma ɗan aike zai riƙe ta har wa'adin ya cika. Saboda haka idan ɗalibai ɗari suka nemi shafin nan a yini ɗaya, ba sau ɗari za a je tushe ba, kamar dai yaron da ya raka baƙo jiya ba ya bukatar komawa wurin mai unguwa yau. Ta biyu ita ce laƙabi, wato a rubuta a littafi cewa wannan suna inkiya ce ta wancan, kamar yadda Audu da Abdullahi ke komawa ga mutum ɗaya. Wannan dabara ta laƙabi za ta yi amfani a gaba cikin wannan bayani.

Rabon Nijeriya

An ware wa Nijeriya gaɓar ng a shekarar 1995, bisa jerin haruffa bibbiyu na ƙasashen duniya, wanda ya bai wa Nijar ne, Ghana gh, Kamaru cm. A lokacin Malama Ibukun Odusote ta Kwalejin Fasaha ta Yaba a Legas ce ke riƙe da amanar gudanarwa, aikin na'ura kuwa a wata cibiyar bincike da ke Pisa ta Italiya ake yin sa. Wato dai shekaru da dama littafin sunayen Nijeriya a wajen Nijeriya yake kwana. An yi ta jayayya a kan wanda ya dace ya riƙe shi, har gwamnatin Shugaba Olusegun Obasanjo ta shiga tsakani a 2004 ta hannun hukumar NITDA. A 2005 aka kafa ƙungiyar NiRA, wadda ba ta neman riba ba ce, kuma a 2009 aka miƙa mata riƙon ng a hukumance. A ƙarƙashinta ake da rukunoni irin su com.ng na 'yan kasuwa, da org.ng na ƙungiyoyi, da sch.ng na ƙananan makarantu, da edu.ng na manyan makarantu, da gov.ng na hukumomin gwamnati. Daga nan ne udusok.edu.ng na Sakkwato, da buk.edu.ng na Kano, da abu.edu.ng na Zariya suka samo asali.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake: wanda bai tashi ya riƙe sunansa ba, wani zai riƙe masa, kuma karɓowa daga baya ta fi wuya. Bugu da ƙari, suna a intanet ba saye ake yi ba, haya ce ta shekara shekara. Ranar da aka kasa sabuntawa, bayan ɗan wa'adin rangwame, sai sunan ya koma kasuwa, kowa na iya ɗauka. Mujallu da ƙungiyoyin marubuta da dama sun buɗe shafuka da sunan wani ɗalibi ko wani ma'aikaci shi kaɗai, da ya kammala ko aka yi masa sauyin wurin aiki sai sunan ya mutu, maƙalun da aka ambata a kundayen digiri suka zama adireshin kango. Sunan da ke ƙarewa da com da dalar Amurka ake ƙiyasta kuɗinsa, kuma kowa ya ga abin da ya sami naira tun daga watan Yuni na 2023, alhali kuwa na ng da naira ake biya.

Ranar da Suna Ya Ɓace

Ba a sanin darajar ɗan aike sai ranar da ya dawo hannu rabbana. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, daga bayan la'asar har cikin dare a agogon Nijeriya, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kimanin sa'o'i shida a duniya baki ɗaya. Na'urorin kamfanin ba ƙonewa suka yi ba, hotuna da saƙonni suna nan inda suke. Wani kuskure ne a wajen gyara ya yanke hanyar zuwa rumbunan da ke riƙe da sunayen kamfanin, sai kowane ɗan aike a duniya ya rasa wanda zai tambaya. Mai sayar da shinkafa a Kalgo da ke jiran saƙon abokin cinikinsa na Kano, da ɗalibin da ke jiran sanarwar aji, duk sun ɗanɗana, ba tare da sanin cewa suna ne ya ɓace ba. Kafin wannan, a ranar 21 ga Oktoba, 2016, an yi wa kamfanin Dyn na Amurka, mai riƙe wa manyan shafuka sunayensu, ambaliyar tambayoyin bogi, har Twitter da wasu suka gagara samuwa a sassa da yawa.

Haɗari na biyu shi ne ɗan aike ya dawo da amsar ƙarya. A 2008 wani mai bincike, Dan Kaminsky, ya nuna yadda ɓarawo zai iya cusa lambar bogi a ajiyar ɗan aike, ta yadda mutum zai rubuta sunan bankinsa daidai amma a kai shi gidan 'yan damfara. Maganin da aka samar ya yi kama da hatimin da sarakunan daular Usmaniyya ke bugawa a wasiƙunsu: kowane mataki yana sa hannu a kan amsarsa, na sama kuma yana shaidar sa hannun na ƙasa, tun daga tushe har zuwa mai unguwa. An sa wa tushe irin wannan hatimi a watan Yuli na 2010.

Haɗari na uku na nisa ne. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin sadarwa huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta, har harkar bankuna ta tabu. Gaskiya ne cewa ƙarewar suna da ng ba ta nufin shafin yana cikin ƙasa. Amma idan aka haɗa suna na gida da rumbu na gida da ma'ajiya ta gida, sannan kamfanonin layi suka haɗu a cibiyar musaya ta IXPN, wadda aka kafa a 2006, to tambayar da ta taso daga Ceberu zuwa Kalgo ba sai ta tsallaka teku ta dawo ba.

Baƙaƙe Masu Ƙugiya

A nan ne maganar ta shigo zauren masu nazarin harshe sosai. Ƙa'idar farko ta sunayen intanet alamomi 37 kawai ta amince da su: haruffan Ingilishi 26, da alƙaluma 10, da karan ɗori. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu alamar hamza. Wanda ya karanci tsarin sautin Hausa ya san wannan ba ƙaramin gurbi ba ne. Ƙasa ta koma kasa, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ƙare ya koma kare, 'ya'ya suka koma yaya, jami'a ta koma jamia. A cikin jimla mai karatu yakan gane abin nufi daga kalmomin da ke kewaye, amma sunan shafi shi kaɗai yake tsayawa, ba shi da maƙwabcin da zai fassara shi. Baƙaƙen nan masu ƙugiya ba daga sama suka faɗo ba. An sha gwada ɗigo da wasu alamomi tun ƙa'idojin Hanns Vischer na 1912, kafin su zauna a shekarun 1930 ta hannun Hukumar Talifi ta Zariya, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa su daga 1939, aka kuma sake tabbatar da su a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Abin takaici ne a ce abin da aka yi shekaru ana gina shi ya zube a ƙofar intanet ba tare da kowa ya ɗaga murya ba.

Alhali kuwa ƙofar ba a kulle take ba. Tun 2003 aka fito da dabarar juya kowane suna mai baƙin harafi zuwa wani siffa da tsofaffin na'urori ke ganewa, wanda ke farawa da xn da karan ɗori biyu, mai karatu kuwa ya ga sunan da haruffansa na asali. An sabunta ƙa'idar daga baya, kuma a watan Mayu na 2010 Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka sami gaɓar ƙasashensu da haruffan Larabci, Rasha ma ta sami tata da nata haruffa. A ƙa'idar duniya ƙananan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ halattattu ne, sai dai kowace hukumar rajista ita ke yanke haruffan da za ta karɓa a ƙarƙashin gaɓarta, kuma hukuma ba ta cika buɗe abin da ba a nema ba. Wani abin lura shi ne, ƴ da Nijar ke amfani da shi harafi ne cikakke, alhali 'y na Nijeriya ya dogara ga alamar da tsarin bai karɓa ba, wato tsohuwar saɓanin da ke tsakanin rubutun ƙasashen biyu ta sami sabon dalilin a sake duba ta.

Haka kuma akwai matsalar sunayen garuruwa. A takardun hukuma Cheberu ake rubutawa, kamar yadda yake a sunan mazaɓar Cheberu da Bada ta ƙaramar hukumar Gwandu, alhali daidaitacciyar Hausa c take amfani da shi. Turawan farko Gando suka rubuta a madadin Gwandu, kuma har yau ana da Sokoto da Sakkwato, Kebbi da Kabi, Yelwa da Yalwa, Yauri da Yawuri. Direban mota ya san duk abu ɗaya ne, amma na'ura ba ta da wannan rangwame, harafi ɗaya ya isa ya kai mutum wani gida. Dabarar laƙabi da aka ambata a baya ita ce mafita: a yi rajistar siffofin biyu, a mai da ɗaya inkiyar ɗaya.

Abin da Masu Ja Za Su Ce

Wani zai ce mutumin Ceberu ba ya rubuta sunan shafi, manhaja kawai yake taɓawa, saboda haka wannan duk ɓata lokaci ne. Amsa ita ce, manhajar ita ma suna take nema a ɓoye, kamar yadda abin da ya faru a 2021 ya nuna. Sannan wanda duk dukiyarsa ta rubutu take a shafin wani kamfani, a gidan aro yake zaune, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yuni, 2021 zuwa 13 ga Janairu, 2022, waɗanda ba su da wani adireshi sai wannan sun rasa hanyar da masu bibiyarsu za su same su cikin sauƙi.

Wani kuma zai ce ƙauyen da ke fama da rashin wutar lantarki da raunin layin waya da matsalar tsaro, ina ruwansa da ƙugiyar ƙ? Babu shakka waɗannan sun fi gaggawa, kuma ba a ce a bar su ba. Amma ba aikin sashen Hausa ba ne kafa turakun waya, aikinsa shi ne harshe, kuma suna abu ne da wanda ya riga shi ke ɗauka. Idan aka jira sai komai ya daidaita, za a tarar kyawawan kalmomin Hausa sun shiga hannun dillalai.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta tsaro. Ƙ da k sun yi kama a ƙaramin allon waya, kuma ɗan damfara na iya yin rajistar sunan wata hukuma da ƙugiya domin ya yaudari jama'a. Wannan tsoro na gaskiya ne, an kuma ga irinsa da haruffan wasu harsuna. Sai dai maganinsa sananne ne: a ɗaure siffofin biyu a hannun mai suna ɗaya, ta yadda wanda ya mallaki mai k shi kaɗai zai iya karɓar mai ƙ, kamar yadda masu rajistar sunayen Sinanci ke yi da tsohon rubutu da sabo. Tsara jerin irin waɗannan tagwayen haruffa aiki ne na masanin harshe kafin ya zama na injiniya.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, abubuwa huɗu ne suka rataya a wuyan malamai da ɗaliban Hausa. Na farko, a zauna a daidaita kalmomin wannan fanni, kamar yadda aka yi wa nahawu da adabi a tarurrukan ƙirƙirar kalmomi da suka haifar da littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa na 1990, domin kalmomi irin su ɗan aike da tushe da rumbu da wa'adi da aka yi amfani da su a nan shawara ce kawai, ana iya samun waɗanda suka fi su. Na biyu, kowace mujalla ta sashe da kowace ƙungiyar Hausa ta nemi reshe a ƙarƙashin sunan jami'arta, wanda ba ya bukatar sabon kuɗin haya kuma ba ya mutuwa da tafiyar mutum ɗaya, idan kuwa tilas ne a yi suna mai zaman kansa, to a rubuta shi da sunan sashe, a sa ranar sabuntawa cikin takardun miƙa mulki. Na uku, sassan Hausa na Sakkwato da Kano da Zariya da Katsina da Birnin Kebbi, tare da takwarorinsu na Yamai da Damagaram, su haɗa takarda ɗaya mai jerin haruffan Hausa da tagwayensu, su gabatar wa masu riƙe da ng da ne. Na huɗu, a ba ɗalibai aikin tattara sunayen garuruwa da unguwanni na ƙasar Gwandu da sauran masarautu, da siffar hukuma da siffar daidaitacciyar Hausa da yadda mutanen wurin ke furtawa, domin ranar da makarantar Ceberu ko ƙungiyar manomanta za ta nemi suna, a sami abin dogaro.

Magabata a Gwandu sun rubuta Hausa da ajami ba tare da jiran izinin kowa ba, na bayansu kuma suka lanƙwasa baƙaƙen boko har suka ɗauki sautin harshen. Littafin sunaye na wannan zamani a buɗe yake, ana kuma rubutu a cikinsa kullum. Ranar suna, in dangi ba su hallara ba, maƙwabta ne ke raɗa wa jariri abin da suka ga dama.